Sauti yana ɗaukewa yana dawowa tun da na canja rediyon mota

Baban Khairat: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana wutar mota. Corolla ce ƙirar 2009. Na sa an cire mata rediyon da ta zo da shi daga kamfani, aka saka wani mai allon taɓawa, mai Bluetooth da wurin filas. Tun daga nan sauti ya zama sai ya ga dama. Ana cikin tafiya sai ya ɗauke ɗif, can anjima ya dawo da kansa. Wani lokacin kuma ba ya dawowa sai na kashe mota na sake tayarwa. Na koma wurin wanda ya haɗa min, muka zauna a cikin motar tana tsaye, rediyo ya yi ta aiki lafiya lau, ya ce shi bai ga komai ba. Ina barin wurin abin ya dawo. Da tsohon rediyon ban taɓa ganin haka ba.

Ɗan'auta: Wa alaikumus salam. Kada ka wahalar da kanka yallaɓai, rediyon ne ba shi da kyau. Irin masu allon nan da yawansu kyan ɗan maciji ne. Ka mayar tun kafin a ce kai ka lalata.

Oga Rewaya: Ɗan'auta, ka yanke hukunci ba ka ji shaidu ba. Baban Khairat, amsa min waɗannan tukuna. In sautin ya ɗauke, allon yana mutuwa tare da shi ko yana nan da haskensa? In yana nan, lokacin waƙar yana ci gaba da tafiya ko ya tsaya? Lasifikokin duka ne suke yin shiru ko wani ɓangare? Sannan me kake saurare in abin ya faru, FM ko Bluetooth ko filas?

Baban Khairat: Oga, allon ko ƙiftawa ba ya yi. Lokacin waƙa yana ta tafiya abinsa. Duka lasifikokin ne suke ɗaukewa lokaci guda, gaba da baya. Kuma ba ya zaɓe, ya yi min a FM, ya yi min a Bluetooth. Abin da na lura dai, ya fi yi a hanya mai gargada, ko in na faɗa rami. Agogo da tashoshin da na ajiye duk suna nan, ba ya mantawa da su.

Oga Rewaya: Madalla. To ka rage mana rabin aiki. Wayoyin wuta uku ne a bayan rediyo: rawaya mai kawo wutar batir kullum, ja mai kawo wuta in an murɗa makulli, da baƙa da ke tafiya jikin ƙarfen mota. Da jar ce take motsi, da allon zai mutu ya sake tashi. Da rawayar ce, da har agogo da tashoshi sai sun goge. Tunda babu ko ɗaya, ni hankalina ya koma ɓangaren lasifika. Sannan ka cire wayarka ta hannu daga zargi, tunda FM ma yana yi.

Abu Hanif: Oga, da girmamawa, ban yarda a wanke ɓangaren wuta gaba ɗaya ba tukuna. Allon da ƙwaƙwalwar rediyon ba wuta mai yawa suke ci ba, kuma akwai abin da ke sauke musu ita zuwa 5V ko ƙasa da haka, don haka ko wutar ta yi ƙasa na ɗan lokaci suna iya jurewa. Sashen ƙara sauti kuwa kai tsaye yake sha daga rawayar waya, kuma shi ne mai cin wuta. In haɗin rawayar ko na baƙar ya yi sako-sako, wato bai yanke ba amma bai kama da kyau ba, ana iya samun sauti ya ɗauke allo yana kunne. Alamarsa ita ce ya fi faruwa in an ƙure murya, musamman wurin da gangar waƙa ke bugawa da ƙarfi.

Oga Rewaya: Haka ne Injiniya, na taɓa ganin irinsa. Amma mutumin ya ce rami ne ke tayar masa da abin, bai ce murya ba.

Abu Hanif: Rami ai yana girgiza sako-sakon haɗi ko na wane ɓangare ne. A auna dai, bai fi minti biyar ba.

Baban Khairat: Ko murya tana ƙasa sosai yana yi. Jiya ma labarai nake saurare a hankali ya ɗauke.

Maman Ilham: Bari in sa baki ko zai yi amfani. Ni tawa motar da aka canja mata rediyo, FM na aiki sumul, amma ina komawa Bluetooth ko filas sai shiru. Da yake ina yawan sauyawa tsakaninsu ban gane tsarin abin ba, na ɗauka haka kawai yake ɗaukewa. Ashe motar tana da amfilifaya ta kamfani, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti ta daban, ɓoye a ƙarƙashin kujera, kuma wayar da ke tayar da ita an haɗa ta da shuɗiyar waya zalla, maimakon shuɗiya mai ratsin fari. Ana sauya su magana ta ƙare. Ko naka ma haka ne?

Oga Rewaya: Hajiya kin kawo babban abu, wannan ya fi kowanne yawan kama masu haɗi. A rediyon da ke da wayoyin guda biyu, shuɗiya zalla ta eriya ce, tana ba da 12V ne kawai in kana kan FM ko AM. Shuɗiya mai ratsin fari ita ce ke ba da wuta muddin rediyon yana kunne, ko me kake ji. Duk wanda sautinsa ke mutuwa da zarar ya bar FM, can zai fara dubawa. Sai dai Baban Khairat ya ce nasa har a FM yake yi.

Abu Hanif: Ƙari a kan wannan, shuɗiyar nan mai ratsin fari ba ta ɗaukar kaya. A takardar rediyon kamfanin Pioneer an rubuta iyakar wutar da za ta iya ɗauka 300mA ce. Wasu sai su rataya mata amfilifaya da eriya da fitilun ado da fanka, ta gaza, abin ya riƙa kunnuwa yana mutuwa. In kayan sun yi yawa rile ake sawa, wato ɗan makunnin da wayar za ta tayar, shi kuma ya ba kayan wuta daga batir. Baban Khairat, duba murfin lasifikokin ƙofa da fuskar tsohon rediyon, akwai tambarin JBL? A Toyota shi ne alamar akwai amfilifaya ta daban. Wasu kamfanonin mota kuma tambarin Bose za ka gani, wasu Infinity.

Baban Khairat: Na duba, babu wani tambari ko'ina. Tsohon rediyon ma yana nan a gida, ba a rubuta komai a kansa ba.

Alhaji Dattijo: Ni dai tambayata ɗaya ce. Wanda kamfani ya sa yana aiki, me ya kai ka cire shi? Yaran yanzu ba ku ganin abu zaune lafiya ku ƙyale shi.

Baban Khairat: Allah ya ja kwana Alhaji. Faifai kawai yake ci, ni kuma rabona da riƙe faifai har na manta. Ga kuma amsa kira ba tare da na ɗauki waya a hannu ba.

Alhaji Dattijo: To wannan na kiran hujja ce. Ku ci gaba.

Ɗan'auta: Ni fa har yanzu ban gamsu ba. In waya ɗaya ce ta lasifika ta sami matsala, ai lasifika ɗaya ce za ta yi shiru. Ta yaya huɗu za su mutu tare in ba rediyon ne ya lalace daga ciki ba?

Abu Hanif: Tambayar nan ita ce gindin maganar, bari in ɗan tsawaita.

Waya tana iya samun matsala iri biyu. Ko ta yanke, ko ta taɓa abin da bai kamata ta taɓa ba. In ta yanke, gaskiyarka, lasifikarta kaɗai za ta yi shiru, sauran ukun su ci gaba. In kuwa ta taɓa ƙarfen mota, labari ya canja.

A cikin yawancin rediyon nan, lasifikokin huɗu duka ƙwaya ɗaya ce take tuƙa su, wata 'yar baƙar aba mai ƙafafu da yawa da aka ɗaure a jikin ƙarfen sanyaya na baya. Masu allon Android da yawa za ka tarar TDA7388 ce ko TDA7850. Yadda aka gina ta, a wayoyi biyun da ke zuwa kowace lasifika babu wadda take nagatif na gaskiya. Wadda muke kira nagatif ɗin, mai ratsin baƙi, ita ma wuta ce a kanta. In ka kunna rediyo ka ɗora mitar awon wuta tsakanin kowace wayar lasifika da ƙarfen mota, za ka ga wajen 6V, rabin wutar batir, ko da murya tana sifili. Ɗayar tana turawa ɗayar tana ja, da haka ake samun ƙarfin sauti daga batir mai 12V kawai. Wannan 50W sau huɗu da ake rubutawa a kwali ma ƙololuwa ce ta ɗan lokaci, ainihin abin da take ba kowace lasifika a ɗore bai cika wuce 20W da 'yan kai ba.

To ka ga duk lokacin da ɗaya daga cikin wayoyi takwas ɗin nan ta goga jikin ƙarfe, ko biyu suka taɓa juna, ƙwayar tana ganin gajeren haɗi, sai ta kare kanta don kada ta ƙone. Rediyon kuma ya rufe sauti baki ɗaya. Allo ba ruwansa, shi ya sa yake ci gaba da ƙirga lokacin waƙa. In taɓawar ta ɗan lokaci ce sauti ya dawo da kansa, in ta daɗe wasu sai an kashe an kunna. Wasu kamfanonin suna faɗa maka a allo: Kenwood kan rubuta PROTECT, Pioneer kan rubuta AMP ERROR. Wasu kuwa shiru kawai za su yi maka.

Wannan ne ma dalilin da ya sa ba a haɗa nagatif ɗin lasifikoki wuri guda, ba a kuma ɗaure su a bodi. Tsofaffin motoci sosai akwai masu irin wannan haɗin daga kamfani, in za a sa musu sabon rediyo sai an ja sababbin wayoyi.

Ɗan'auta: To na ji. Abu mai sauƙi ke nan, ya shiga saiti ya tura sautin duka gaba ya yi yawo, sannan ya tura baya. Inda ya daina ɗaukewa, an gano ɓangaren.

Abu Hanif: Da wayar yankewa take yi, dabararka ta yi daidai. Amma ga mai taɓa ƙarfe ba za ta nuna komai ba. Saitin gaba da baya waƙar kawai yake janyewa daga lasifikar, 6V ɗin nan yana nan a kan wayar. Tana taɓa ƙarfe za ta rufe sauti ko ana kiɗa ta wurin ko ba a yi. Sai an raba wayar da rediyon da hannu.

Oga Rewaya: Baban Khairat, kana da mita? Kuma za ka iya zaro rediyon da kanka? In za ka iya, fara cire kan batir na nagatif. Sannan ka ji wannan da kyau: duk soket ko bututun waya mai launin rawaya da ka gani a cikin dashbod yana tafiya shi kaɗai, na jakar iska ne, wadda ke buɗewa ta kare mutum in an yi hatsari. Kada ka cire shi, kada ka soka masa mita. Rawayar da muke magana a kai ita ce wadda ta fito daga bayan sabon rediyon kawai. In ka zaro ka faɗa min yadda aka yi haɗin, an yanke soket ɗin motar ne ko an sa mahaɗi.

Baban Khairat: Ina da mita, na kuma zaro. Alhamdu lillahi ba a yanke soket ɗin mota ba. Guda biyu ne, babba mai ramuka goma da ƙarami mai shida, an sa musu mahaɗi. Amma tsakanin mahaɗin da wayoyin rediyo, murɗa su kawai aka yi aka naɗe da baƙin salatif. Salatif ɗin har ya fara saki, yana danƙo a hannu. Sannan akwai wasu wayoyi da ba a yi amfani da su ba, an tattara su an naɗe wuri guda.

Oga Rewaya: Inna lillahi. Murɗi da salatif a bayan rediyo, inda zafi yake taruwa. Warware waɗancan da aka tattara ka gani, bakinsu a fere yake?

Baban Khairat: Uku daga ciki a fere suke, tagullar a waje. Ɗaya an rubuta MUTE a 'yar takardar da ke jikinta.

Abu Hanif: Wannan kaɗai ta isa ta jawo duk abin da ka lissafa. Aikinta ke nan, in ta taɓa ƙarfe ta rufe sauti. An yi ta ne don na'urar kiran waya ta mota ta riƙa yi wa rediyo shiru in kira ya shigo. Launinta ya danganta da kamfani, a Kenwood ruwan ƙasa ce, a Pioneer rawaya mai ratsin baƙi. Datse bakin kowacce ka rufe ta ita kaɗai.

Tunda ka riga ka buɗe, yi awon gaba ɗaya. Zare soket daga bayan rediyon, sa mita a ohm, wato awon yadda abu ke tare wuta. Farar waya da fara mai ratsin baƙi na gaban hagu ne, ruwan toka na gaban dama, kore na bayan hagu, shunayya na bayan dama. Lasifikar ohm 4 takan nuna tsakanin 3 da 4 a mita. In ka ga wajen 2 ko ƙasa, ko dai an haɗa biyu a layi ɗaya ko lasifikar mai ƙaramin ohm ce, kuma yawancin rediyon kasuwa 4 zuwa 8 aka yi su, ƙasa da haka zafi suke yi su ɗauke. Daga nan auna kowace waya da ƙarfen mota, bai kamata mita ta nuna komai ba. A ƙarshe mayar da batir, tayar da mota, auna tsakanin rawaya da baƙa a bayan rediyon yana kiɗa da ƙarfi.

Baban Khairat: Ga sakamako. Na gaba biyun 3.6 da 3.7, na baya 3.5 da 3.6. Tsakanin wayoyin da ƙarfe babu komai, duka takwas. Rawaya da baƙa 12.5V mota a kashe, 14.1 tana aiki, da na ƙure murya ya ɗan sauka zuwa 13.9. Na rufe bakin wayoyin nan ɗaya bayan ɗaya, na sake naɗe sauran, na mayar da komai. Na zaga unguwa bai ɗauke ba. Ina ganin an dace.

Abu Hanif: Wutarka lafiya take, na janye zargina a kan wannan ɓangaren. Oga ya fi ni gaskiya.

Oga Rewaya: Kada ka yi saurin murna. Ciwon da ke zuwa yana tafiya ba a shaidar warkewarsa da zagaye ɗaya. Bi hanyar da ta saba tayar maka da shi.

Baban Khairat: Oga bakinka. Yau da safe ina hawa wani tudun rage gudu ya ɗauke, sai da na kashe mota. Wallahi na fara tunanin maganar Ɗan'auta.

Ɗan'auta: Ai na faɗa. Ni ba na jayayya da injiniyoyi, amma wani lokacin abin da ya fi sauƙi shi ne gaskiya.

Maman Ilham: Ko zafi ne? Na ji an ce in bayan rediyon ya yi zafi sosai yana ɗaukewa.

Oga Rewaya: Yana yi Hajiya, amma na zafi yana da lokacinsa. Sai an daɗe ana kiɗa, ya ɗauke, ya huce, ya dawo. Wannan da safe ne, mota ba ta ko ɗumama ba, kuma a kan tudu. Abu ne yake motsi.

Ɗan'auta, zai iya yiwuwa rediyon ne, dalmar ƙafar ƙwayar nan takan tsage ta riƙa yin haka. Amma in ya mayar aka ba shi wani alhali laifin yana cikin mota, sabon ma haka zai yi, wataƙila ma ya ƙone. A gama da mota tukuna.

Wurare uku ne waya ta fi goguwa. Na farko cikin robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofa da jikin mota, inda wayoyi suke lanƙwashewa duk buɗewa da rufewa, musamman ƙofar direba. Na biyu bayan lasifikar kanta, inda ƙafarta ke kusa da ƙarfen ƙofa. Na uku bayan rediyo. Kunna waƙa mota na tsaye, buɗe kowace ƙofa ka kama robar nan ka murza ta, ka ja, ka tura. Bubbuga murfin kowace lasifika da tafin hannu. In bai ɗauke ba, zare ƙaramin soket mai ramuka shida, shi ke ɗauke da lasifikokin baya, ka yi yawo da na gaba kawai.

Baban Khairat: Na murza robobin ƙofofi huɗu har hannuna ya gaji, ko gezau. Na zare ƙaramin soket ɗin, na mayar da rediyo mazauninsa na ɗaure, na bi ta kan tudun nan. Ya ɗauke.

Ɗan'auta: To saura na gaba ke nan.

Abu Hanif: Ba lallai ba. Zare soket ɗin ya wanke wayoyin baya ne daga soket zuwa ƙofofi. Guntun da ke tsakanin rediyo da soket, kore da shunayya, har yanzu suna manne da rediyon da wutarsu a kai. Ni abin da ya fi damuna shi ne wanda muka tsallake tun farko: tsohon rediyon bai taɓa yi ba. Wayoyin ƙofa tun 2009 suke wurin. Me zai sa su tashi lalacewa ranar da aka canja rediyo? Abin da ya canja a ranar yana bayan dashbod. Kuma duk awon da Baban Khairat ya yi, ya yi shi ne rediyo yana waje, wayoyi a sake.

Oga Rewaya: Yawwa Injiniya, nan nake son a zo. Baban Khairat, kwance rediyon ka fito da shi daga ramin, amma ka bar komai a jone, har da ƙaramin soket ɗin. Sami wani ya zauna a gefenka ya riƙe shi a kan tawul, kada ya taɓa ƙarfe, kai kuma idonka a hanya. Tabbatar baƙar wayar tana haɗe, don akwai motocin da rediyonsu ta jikin ƙarfen ɗaurinsa yake samun nagatif, kamar wasu tsofaffin Nissan. Taka akwai a soket. Ku bi tudun da gargadar duka.

Baban Khairat: Ƙanena ya riƙe, mun bi duk inda na san yana yi, har da gangan na faɗa wani rami. Ko sau ɗaya bai ɗauke ba.

Oga Rewaya: To rediyonka lafiya, ƙofofinka lafiya. Wani abu ne yake matse waya in an tura shi ciki. Cire batir, ɗauki tocila, bi wayoyi takwas ɗin nan ɗaya-ɗaya da yatsa tun daga bayan rediyo har soket. Kada ka dogara da ido kawai, farce ya fi ganin irin wannan. Ka duba ta ƙarƙashinsu.

Baban Khairat: Allahu akbar. Na same ta. Koriyar waya ce mai ratsin baƙi. Kamar tsawon yatsa daga bayan rediyon akwai wurin da ta baje, kamar an taune ta. Ta sama ba ka ganin komai, sai da na juya ta na ga robar ta tsage siririn tsagu, tagulla tana ƙyalli a ciki, gefen ya ɗan yi baƙi. Na duba ƙarfen da aka ɗaure rediyon da shi ta hagu, gefensa kaifi ne da shi, kuma akwai ɗan tabo baƙi daidai inda wayar take kwanciya. Sabon rediyon ya fi tsohon gajarta, sai tarin wayoyin ya zubo gefe, wannan ta shiga tsakanin ƙarfen ɗauri da ƙarfen dashbod. Duk mayarwar da nake yi, nan take komawa saboda ta riga ta lanƙwashe a haka.

Maman Ilham: Kai, barka. Wannan da wuya a gano shi a tsaye.

Ɗan'auta: Na sallama, rediyo ya fita. Amma Injiniya, duk taɓawar nan da ta yi ta yi, ba ta yi wa ƙwayar lahani ba?

Abu Hanif: Yawanci kariyar tana riƙewa, amma akwai yadda zai tabbatar. Bayan gyara ya kunna rediyo, murya a sifili, ya sa mita a DC, wato awon wuta irin ta batir, tsakanin wayoyi biyun kowace lasifika, wato kore da kore mai ratsi, haka sauran. Ya kamata ya ga kusan sifili, 'yan milibolt kawai. In ya ga bolt ɗaya ko fiye a wani layi, wannan layin ya taɓu, kuma zai iya ƙona lasifikar a hankali.

Baban Khairat, kada ka naɗe tsagun da salatif ka ce an gama. Yanke wurin ka sake haɗawa. Kuma tunda hannunka na ciki, ka warware duk murɗin nan ka sa 'yan bututun haɗi na matsewa, ka matse da fulayar da aka yi don haka.

Oga Rewaya: A nan kam mun rabu. Dalma zai sa, ya zura robar nan mai tsukewa da zafi. Matsewar da mutane suke yi da fulayar gida, ka ja kaɗan ta zare.

Abu Hanif: Oga, kamfanonin mota da kansu matsewa suke yi a kusan duk soket ɗin da ke cikin motar. Dalma tana bin cikin silin waya ta sandarar da ita, girgiza kuma ta karya ta daidai inda dalmar ta tsaya.

Oga Rewaya: Kamfani da inji yake matsewa, ba da fulayar da ke cikin but ba. Wanda ya iya dalma ba ya cika ta har ta bi waya. Shekaruna nawa ina yi, ban ga wadda ta karye a bayan rediyo ba.

Alhaji Dattijo: Ku biyun dai kun yarda salatif ne ba a so. Ya ɗauki wanda yake da kayansa a hannu.

Baban Khairat: Na bi Oga saboda ina da abin dalma, fulayar matsewa kuwa sai na nema. Injiniya a yi min afuwa. Na yanke wurin da ya tsage, na sake duk haɗin goma sha uku, kowanne da robarsa. Awon da ka ce na yi: layin kore 0.02V, sauran ma duk ba su kai 0.05V ba. Na mayar na ɗaure, na bi hanyoyin nan, sauti bai motsa ba. Allah ya saka wa kowa da alheri.

Oga Rewaya: Amin. Tarin wayoyin fa, ka ɗaure su ko ka sake tura su haka?

Baban Khairat: Na tura su ta tsakiya dai, nesa da ƙarfen.

Oga Rewaya: Za su sake zubowa. Sake buɗewa ka tattara su da abin ɗaure waya na roba guda biyu, ka rataye su a jikin babban bututun wayoyin motar da ke sama, ba mai launin rawaya ba. Gefen ƙarfen nan mai kaifi kuma ka goge shi da fayil, ko ka tsaga guntun tiyo ka sa masa.